Gidajen leburorin katako na Pemberton: me ake adanawa a cikinsu?

Ɗan Autan Zaure: Salamu alaikum. Tambaya gare ni ga masana gini da na tarihi. A garin Pemberton, can kudu maso yammacin Ostireliya, akwai jerin gidajen katako da aka fara gina wa ma'aikatan injin tsaga katako tun wajen 1913, kuma hukumar adana kayan tarihi ta jihar Yammacin Ostireliya ta sa unguwar a rajistarta. Ɗaki huɗu ne ko ƙasa da haka, bangon falanki, rufin kwano, ba zane ba ado, ba kuma wani shahararren mutum da ya tashi a ciki. To ina abin tarihi a nan? Sannan in katakon ya ruɓe aka canza rabinsa, wannan gidan ne har yanzu ko wani ne daban?

Malama Mai Tarihi: Wa alaikumus salam, Auta. Sai ka fara da dalilin da ya kafa garin. Gwamnatin tarayyar ƙasar na shimfiɗa layin dogo daga Kalgoorlie zuwa Port Augusta, kusan kilomita 1,700, wanda aka haɗe a 1917, ana neman katakon da za a ɗora ƙarfen dogon a kai. Gwamnatin jihar Yammacin Ostireliya ta kafa injinanta na tsaga katako a wurin da ake kira Big Brook a 1913, sunan Pemberton sai a 1925 ya tabbata a hukumance. Dajin wurin na bishiyar karri ne, dangin bishiyar turare da muka sani, amma tana haura mita 60. Aibinta ɗaya: gara na cin ta in ta taɓa ƙasa. Shi ya sa a lokacin ake dafa katakon a cikin baƙin maɗin rake da aka haɗa da gubar asenik kafin a kai shi layin dogo.

Wuri ne da ba gari, ba kasuwa, sai daji da ruwan sama. Mai injin dole ya gina wa ma'aikata wurin kwana, kuma da katakon da su da kansu suka sare suka tsaga. Tsarin garin kansa takarda ce da ake karantawa: gidan manaja daban kuma babba, masu iyali a jere a layi, tuzurai a ƙananan ɗakuna ko gidan kwana na haɗaka, kanti da zauren taro a kusa, injin na busa usur kowa na ji daga gadonsa. Gidan kuma haɗe yake da aikin. Ranar da aka sallami mutum, ranar iyalinsa suka fara ɗaure kaya. Takardun kamfani za su gaya maka tan nawa aka fitar, amma faɗin ɗakin da mace ta raini 'ya'ya shida a ciki, sai gidan ne zai nuna maka.

Alhaji Mai Lissafi: Malama, Allah ya ƙara sani, amma ni ban gamsu ba. Abin da kika zayyana shaidar talauci ce da danniya. Gidan da aka yi cikin gaggawa da ɗanyen katako, aka yi shi don ya kai shekara ashirin ko talatin kafin dajin ya ƙare a tashi, shi za a ɗora wa wanda ya gāje shi nauyin riƙewa har abada? Kuɗin ɗaga shi da canza dirkoki da kwano da waya kan kusa kai kuɗin sabon gini. Sannan sanyin hunturun can ba wasa ba ne, falanki ɗaya ne tsakaninka da iska. A ɗauki hoto, a auna, a ajiye ɗaya a gidan tarihi, sauran a bar masu su su yi abin da ya fi musu.

Malama Mai Tarihi: Alhaji, a ajiye ɗaya ɗin nan shi ne abin da ba ya yiwuwa. Darajar irin wannan gida ba a ɗaya take ba, a jerin take: tazara iri ɗaya daga titi, tsayin rufi iri ɗaya, baranda na bin baranda, lungun baya inda mai kwashe bokitin bayan gida ke bi da dare. In ka ciro ɗaya ka dasa a harabar gidan tarihi, ka sami rumfar katako kawai. Yarjejeniyar Burra, wadda masana adana gine-gine na ƙasar suka amince da ita a 1979 a wani tsohon garin haƙar tagulla mai wannan suna, ta ce ba a ɗauke gini daga mazauninsa sai in babu wata hanyar tsirar da shi.

Batun shaidar talauci kuwa, na yarda, kuma dalilin ajiyewa ke nan. Daga irin waɗannan garuruwa aka zaɓi May Holman a 1925, sakatariyar ƙungiyar ma'aikatan katako, mace ta farko daga jam'iyyar Leba da ta shiga wata majalisa a ƙasar, ita ce kuma ta tsaya har aka yi dokar 1926 kan lafiya da yanayin aikin ma'aikatan katako. Wanda bai ga gidan ba ba zai gane abin da take faɗa a kai ba. Kuma in ana rubuta tarihin wurin a fara da cewa ƙasar mutanen Noongar ce, 'yan asalin yankin, tun kafin zarto ya shiga dajin.

Mai Zane: Bari in sa baki kan yadda ake aunawa, don ba da son rai ake yi ba. Ana duba daraja ta fuskar tarihi, ta kyan gani, ta abin da bincike zai iya samu, ta yadda jama'ar wurin ke ji da shi, da ta imani in akwai. Bayan haka a tambaya: irinsa nawa suka rage? Ya wakilci irinsa da kyau? Nawa ne na asali a jikinsa? Har yanzu ana amfani da shi yadda aka nufa?

Tambayar nawa suka rage ita ce ta canza lissafi. Garuruwan katako na yankin da yawa babu su. Wasu da injin ya tashi aka ɗora gidajen a kan amalanke aka kai wani wuri. Wasu wuta ta cinye. Gobarar Janairun 1961 ta ƙone Dwellingup, ta shafe Holyoake da Nanga Brook, waɗanda ba su sake zama gari ba. Yarloop, garin da 'yan'uwan nan Millar suka kafa a shekarun 1890, ya tsira har zuwa 7 ga Janairun 2016, da wuta ta shiga da yamma ta cinye mafi yawansa har da tsoffin ma'aikatun gyaran injinan jirgin ƙasa, mutum biyu suka rasu. Abin da a 1920 ake ganinsa a ko'ina yanzu sai an nema.

A aikace, kafin a taɓa ƙusa ɗaya ana bin gidan sashe-sashe a ba kowanne matsayi. Ɗakunan gaba, baranda, bututun hayaƙi, tagogi da ƙyamaren asali, siffar rufi: waɗannan manya ne. Barandar baya da aka rufe a shekarun 1950 aka mai da ita ɗakin yara: tsaka-tsaki, amma kada a yi saurin rushe ta, ita ma labarin iyalin ce. Tagar alminiyam da daɓen kankare da aka manna wa bango: masu ɓata gida, a cire.

Baba Kafinta: Duk kun yi magana mai kyau, amma gidan katako daga ƙasa yake mutuwa, don haka daga ƙasa ake fara duba shi. Gidan a kan dirkoki yake, galibi na jarrah, katakon wata bishiyar yankin, wanda ya fi karri jure ƙasa da gara. Inci huɗu-huɗu ne ko zagayayyen itace, tazarar ƙafa huɗu zuwa shida. A kansu manyan katakai kwance, a kan waɗannan kuma tu-bai-fo kowane inci 18, sannan falankin daɓe. Dirka ba ta ruɓewa a sama ko can ƙasa sosai. Daidai bakin ƙasa take ci, inda lema da iska suka haɗu. Ka tona tafin hannu ɗaya a gindinta ka soka sukudireba. In ya shige fiye da rabin inci ba gardama, ta tafi.

Alamunta a cikin gida: ƙyaure na cijewa, taga ta ƙi sauka, daɓe na rawa in an taka, layin falankin waje ya yi ciki. Masu gida sukan kama fere ƙyaure, alhali ciwon na ƙasa.

Canza su kuwa, a hankali. A ɗauki lebul da tiyo mai ruwa a zagaye gidan, a rubuta yadda kowane lungu ya sauka. A sa jak da yawa a ƙarƙashin manyan katakan, kowanne a kan faffaɗan katako don kada ya nutse. A ɗaga kaɗan-kaɗan, kamar milimita biyar, a zagaya, a sake. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mantawa da bututun hayaƙi. Shi na jan bulo ne, a kan nasa tushen yake, ba ya tashi tare da gida. In ba a saki kwanon da ya rungume shi da katakon da ke jikin murhu ba, ko bulo ya tsage ko bango ya yage. Na biyu, kada a nace sai gida ya daidaita cif. Gidan da ya shekara tamanin a karkace, an riga an fere ƙyamarensa an daidaita su da karkatar. In an dawo da kashi biyu cikin uku ya tsaya da ƙarfinsa, ya isa.

Injiniya: Baba ya gama magana kan dirka, sai in ƙara kan ruwa, don shi ke kawo ruɓa shi ke kiran gara. Naman gwarin da ke ruɓar da katako ba ya aiki sai lemar katakon ta wuce kashi 20 cikin 100. Akwai ƙaramar na'ura mai allura biyu da ake sokawa a karanta. Yankin Pemberton na samun ruwan sama sama da milimita 1,000 a shekara, mafi yawa tsakanin Mayu da Satumba, iska na koro shi daga yamma. Kuma ku tuna can kudancin duniya ne: rana ta arewa take bi, don haka bangon arewa da na yamma su ke ƙonewa su tsattsage, na kudu kuma ba ya bushewa, shi ke yin gansakuka.

Abubuwan da ke kashe waɗannan gidaje ba su da yawa. Indararo ya toshe da ganye ruwa ya koma cikin bango. Bututun saukar ruwa ya ƙare a gindin dirka. An tara ƙasar fulawa har ta rufe falankin ƙasa. An zuba kankare a baranda a maimakon katako, ruwa na kwanciya a jikin bango. An toshe ƙarƙashin gida da bulo wai don kyau, iska ta daina ratsawa. Ƙa'idar can tana son a bar kamar milimita 400 tsakanin ƙasa da katakon daɓe, don iska ta wuce kuma mai duba gara ya iya rarrafawa.

Hular kwanon da ake sa wa kan kowace dirka, mutane na zaton tana hana gara. Ba ta hanawa. Tilasta mata take yi ta gina hanyarta ta laka a fili, ta zagaye hular, inda ido zai gani. In ba mai leƙawa aƙalla sau ɗaya a shekara, hular ba ta yi komai ba. In kuma an ga hanyar, kada a farfasa a fesa maganin kanti, gara za ta janye ta ɓullo ta wani wuri. Masu aikin suna sa mata abinci mai guba ta kai gida. Sannan wanda zai shiga ƙarƙashin tsohon gida ya rufe hanci da hannu, domin kafin a hana su a 1995 an yi shekaru ana zuba magungunan gara masu guba irin su dieldrin da chlordane a ƙasar ƙarƙashin gidaje, kuma suna daɗewa.

Ɗan Autan Zaure: Na gode Baba, na gode Injiniya. To me zai hana a sa dirkar ƙarfe ko ta kankare a huta? Kuma tambayata ta biyu na nan.

Baba Kafinta: Ɗana, ana sawa, ban kuma ce haramun ba ne. Na tsakiya da ba a gani, a sa kankare ko ƙarfe mai rufin tutiya. Na gefe da ke fuskantar titi, a mayar da katako, don su ne ƙafafun gidan da ake gani. Sai dai dirkar ƙarfe siririya ce, in gidan ya yi tsayi daga ƙasa sai an ɗaure su da giciye, in ba haka ba gida ya riƙa lilo.

Mai Zane: Ni a nan na ɗan bambanta da Baba. In kuɗi bai kai ba, gara a sa kankare duka gidan ya tsaya, da a jira katakon da ba a samu ba har daɓe ya zauna a ƙasa. A bar tsohuwar dirka ɗaya ko biyu a wurinsu, ba sa ɗaukar nauyi, don mai bincike na gaba ya ga yadda aka yi.

Tambayarka ta biyu, Auta, tsohuwar gardama ce. Turawan Yamma sun daɗe suna ɗora darajar gini a kan kayan asali, saboda da dutse suka saba. Japanawa kuwa suna da wurin ibada na Ise da ake sake ginawa duk shekara ashirin. Taron masana da aka yi a Nara ta Japan a 1994 ya faɗaɗa abin, ya ce sahihanci na iya kasancewa a siffa, a kayan, a fasahar aikin, a amfani, a wurin. Ginin katako dama da canji aka san shi. Amma wannan ba lasisin sauya komai ba ne, kuma ga dalili na musamman a gidan leburan katako: katakon kansa shi ne shaidar. Falankin na ɗauke da sawun zarton injin garin, lanƙwasassun layuka na zarto mai zagaye. An kafa shi ɗanye ya bushe a jikin gida, shi ya sa za ka ga ratar da ta buɗe tsakanin falankin daɓe. Daga itatuwan da suka shekara ɗaruruwa aka tsaga shi, kuma tun farkon 2024 jihar ta daina sare dazuzzukanta na asali don kasuwanci. Falankin da ka jefar yau ba inda za ka sayo irinsa sabo. Ƙa'idar Burra a taƙaice: a yi duk abin da ya zama dole, amma kada a ƙara ko kaɗan a kai.

Baba Kafinta: Shi ya sa ba a cire falanki dukansa don ƙarshensa ya ruɓe. Yawanci layi biyu ko uku na ƙasa ne ke tafiya, da bakin falanki inda ya haɗu da katakon kusurwa, da dokin taga. A yanke ruɓaɓɓen har a wuce shi da kamar inci shida cikin lafiyayye, yankan a jirge yadda ruwa zai zubo waje, haɗin kuma ya faɗa a kan katakon tsaye. A nemo tsohon jarrah daga masu sayar da kayan rusau, a fere shi ya yi kauri da siffar na jikin gida. A shafe bakin yankan da fenti ko mai kafin a kafa, domin ta nan katako ke shan ruwa.

Tsohon jarrah ya yi tauri, ƙusa ba ta shiga sai ta lanƙwashe ko ta tsaga shi. A fara huda da siririn bakin diril. Ƙusa ɗaya a kowane katakon tsaye, kuma kada ta ratsa falanki biyu a inda suka hau juna, don kowanne na buƙatar ya kumbura da damina ya tsuke da rani. In ka ɗaure biyun tare, tsagewa zai yi. Ƙusar ta zama mai kaurin tutiya ko wadda ba ta tsatsa, saboda ruwan jikin jarrah na cin baƙin ƙarfe, shi ne baƙin hawayen da ake gani yana gangarowa daga kan kowace tsohuwar ƙusa.

Abin da na fi ƙi shi ne cusa gam mai tauri a ramin ruɓa a shafe da fenti. Katako na motsi, gam ba ya motsi, sai tsaga ta buɗe a gefensa, ruwa ya shiga ya rasa hanyar fita. Bayan shekara kaɗan gam na nan garau, katakon da ke kewaye da shi ya zama gari. A bayan sabon guntun da aka sa, a rubuta shekarar da fensir.

Hajiya Likita: Kafin kowa ya ɗauki sanfefa, ku saurara. Fentin gidaje a Ostireliya kafin 1965 na iya ɗauke da dalma mai yawan gaske, wani har rabinsa. A 1965 aka rage zuwa kashi 1 cikin 100, a 1997 zuwa 0.1. Goge shi a bushe da inji, ko ƙona shi da wuta, na cika gida da ƙurar da ke taɓa ƙwaƙwalwar yara ƙanana da ɗan da ke ciki. A gwada tukuna. In yana nan kuma bai ɓare ba, a bar shi a shafa sabo a kai. In dole a cire, a jiƙa, a kankare da hannu, a shimfiɗa leda, yara da masu ciki su bar gidan.

Na biyu asbesto, wanda ƙurarsa ke lalata huhu. Ainihin gidan 1913 ba lallai ya kasance da shi ba, amma allunan siminti da aka rufe baranda da su, da bangon wurin wanka, da bayan murhu, daga shekarun 1920 har zuwa na 1980, a ɗauka suna da shi har sai gwaji ya ce babu. Jihar nan ce ma ke da Wittenoom, inda aka haƙi shuɗin asbesto har 1966, aka kuma san irin rayukan da ya ci. Sai ƙarshen 2003 aka hana shi gaba ɗaya a ƙasar. Ba a huda shi, ba a yanka shi, ba a wanke shi da injin feshin ruwa.

Mai Zane: Hajiya ta taimaka. Ƙari a kan fenti: kafin a cire, a yanki ɗan guntu a lungun da rana ba ta bugu ba, ƙarƙashin baranda ko bayan katakon taga, a duba jerin launukan. Gidajen injin da yawa ba a yi musu fenti ba da farko, mai ake shafa wa falankin ya yi duhu. Yi wa irin wannan gida launi uku da ado a baranda irin na gidajen attajiran Perth, babban birnin jihar, ƙarya ce aka yi masa. A ganina masu son gidan fiye da kima sun fi masu sakaci ɓata shi, don mai sakaci aƙalla ya bar shaida.

Haka cikin gida. In aka ɓare allon da aka manna daga baya aka tarar da buhun algarara da aka ja a bango aka liƙa masa takarda ko tsohuwar jarida, kada a yage a zubar. A ɗauki hoto, a bar wani yanki a rufe shi. Jaridar kan ba da shekara. Murhun ƙarfe na itace, irin na kamfanin Metters, da tukunyar tagulla ta dafa wanki a ɗakin baya, da ɗan ɗakin bayan gida a ƙarshen fili: su aka fi saurin zubarwa, su ne kuma suka fi nuna aikin da matan gidan suka yi.

Injiniya: Rufi ma akwai tarko. Kwanon asali gajere ne, ƙafa shida zuwa goma, ana jera shi layi biyu ko uku, kuma layin haɗin nan na cikin kamannin gidan. Kwanon zamani dogo ne daga tsororuwa har baki. Ya fi hana yoyo, gaskiya ne, amma yana canza fuska. Babbar matsalar ita ce haɗa ƙarafan da ba sa jituwa. Kwanon Zincalume, mai rufin alminiyam da tutiya, da ya shigo a 1976, ba ya shiri da dalma, kuma tsohon abin da aka naɗe gindin bututun hayaƙi da shi galibi dalma ce. Sannan ruwan da ya gangaro daga sabon kwano mai fenti ko Zincalume ya ɗiga cikin indararo mai rufin tutiya zalla yana huda shi da wuri. Ko dai a yi duka da mai tutiya, ko a canza duka har indararo da naɗin bututun. Tsohon kwano da tsatsarsa ta sama ce kawai ana iya kankare shi, a shafa maganin tsatsa, a yi fenti, a canza ƙusoshin da suka saki da sukurori.

Alhaji Mai Lissafi: To duk na ji. Amma Mai Zane da bakinsa ya kawo Yarloop. Gidan busasshen katako a bakin daji, a ƙasar da gobara ke tashi duk bazara. Ku ce mini mutum ya kwana da 'ya'yansa a ciki don tarihi? Kuma har yanzu ba wanda ya amsa mini batun sanyi.

Injiniya: Alhaji, tambayarka ta fi duka nauyi, kuma ba wanda zai ce maka gidan katako zai tsaya wa wuta irin ta Yarloop. A rana irin wannan ficewa da wuri ce kawai dabara, ko gidan bulo ne. Amma binciken gobarar daji a ƙasar ya nuna yawancin gidaje ba harshen wuta ke fara kama su ba, tartsatsin da iska ke ɗaukowa ne, ya sauka a indararo mai busasshen ganye, ko ya shige ƙarƙashin daɓe, ko ta ratar kwano. Wannan kuwa ana iya rage shi ba tare da an ɓata gida ba: ragar ƙarfe mai ido da bai wuce milimita 2 ba a kewaye ƙarƙashin gida da kowace kafar iska, ta bayan katakon yadda ba a gani, a toshe bakin kwano a tsororuwa da gefe, a share indararo, a janye itacen girki daga jikin bango, a yanke reshen da ya hau rufi. Ragar na barin iska ta wuce, don haka ba ta jawo ruɓa.

Sanyi kuma, a fara da silin, nan zafi ya fi tserewa, sai ƙarƙashin daɓe, sai toshe ratar ƙyamare da tagogi. Bango ne mai haɗari. Tsohon bangon ba shi da shimfiɗar hana ruwa a bayan falanki, ruwan da ya ɗan shiga iska ce ke busar da shi. In aka hura masa abin hana sanyi ya cika ramin, sai ya jiƙe ya riƙe lemar a jikin katakon tsaye. In za a yi, sai an cire allon ciki an sa shimfiɗa mai numfashi an bar rata. Kafin duk wannan a canza tsohuwar wayar lantarki mai rigar roba, wadda ke farfashewa in an taɓa, don rufe ta da abin hana sanyi neman gobara ne daga cikin gida.

Alhaji Mai Lissafi: Wa zai biya? Nan ne kullum maganar ke tsayawa. Hukuma ta sa gida a rajista, mai gida ya nemi izini kafin ya yi babban gyara, tallafin da ake bayarwa kuma ba ya isa kowa. In jama'a ce ke cin amfanin tarihin, jama'a ta sa hannu a aljihu.

Malama Mai Tarihi: A nan ba ni da ja, Alhaji. Dokar jihar ta 2018, wadda ta maye gurbin ta 1990, ba ta hana gyara ko ƙari ba, shawara take sa a nema, amma nauyin kuɗin ya fi faɗawa kan mai gida, kuma masu irin waɗannan gidaje ba attajirai ba ne. Mu ma in muka duba gida, Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano suna da masu kula da su, amma kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa da barikin leburorin kuza a Jos ba su cika shiga lissafin kayan tarihi ba.

Mai Zane: Hanyar da ta fi sauƙi ga mai gida ita ce a bar ɗakunan gaba yadda suke, a yi sabon kicin da banɗaki a baya, rufinsa ƙasa da tsororuwar tsohon don kada a hango shi daga titi, a haɗa su da siririn lungu. Ruwa da famfo duk sun koma sabon ɓangare, tsohon katako ya huta da lema. Sabon kuma ya fito a sabonsa, kada a yi masa shigar tsoho.

Baba Kafinta: Kuma a bi da tsari in kuɗi kaɗan ne: indararo da magudanar ruwa tukuna, sai gara, sai dirka, sai rufi, sai waya. Fenti da kicin su ne na ƙarshe. Wanda ya yi fulasta da tayil kafin ya ɗaga gida zai sake biyan kuɗinsu ranar da aka sa jak.

Ɗan Autan Zaure: Baba, in tsohon jarrah ɗin ya gagara samu fa, ko ya yi tsada?

Baba Kafinta: A ciro lafiyayyen falanki daga bangon baya, inda za a manna sabon ɗaki, a gyara gaba da shi. Bayan kuma a sa wani katako mai tauri da aka fere daidai da siffar. Karri na rusau ma ya yi a rafta da saman bango, amma kada ya kusanci ƙasa.